Zaren Awo daga Bukuru

Keffi, tara ga watan Safar, 1348

Kai mai karanta wannan takarda, kafin in gaishe ka sai ka amsa mini wannan. Ya goyi yara biyar, bai haifi ko ɗaya ba. Furfurarsa ba a ka take ba, a gwiwa take. Duk wanda ya goya ya girma ya tafi ya bar shi, shi kuwa yana nan yadda yake. Mene ne?

To, yanzu gaisuwa. Daga kakarka Hajo zuwa ga jikana Mijinyawa, mai haƙar kuza a Bukuru, mijina na ƙarya, wanda ya ce mini zai je ya dawo, yau shekara bakwai. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Salamatu, ina gaishe da ɗanka Idris da ban taɓa sa wa ido ba. Ka ce masa akwai wata tsohuwa a Keffi, mummuna ce, amma tana da gyaɗa.

Lafiyata ƙalau, in ka cire idanu. Na dama ya fara yi mini hazo, shi ya sa za ka ga rubutun nan kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ka daure ka karanta. Allo uku kawai na wanke kafin a cire ni daga makaranta, kuma da su na koya maka baƙaƙen da kake taƙama da su.

Damina ta yi ƙarfi bana. Ɗakin ubanku, Allah ya jiƙansa, ya zube ta gefen gabas. Ban sa an gyara ba, wa zai kwana a ciki? Gwaggonka Huraira ta leƙo daga Garaku ta yi kwana biyu ta koma. Daga ni sai kaza mai wake-wake, ita nake ba labari da yamma. Ba ta musu, amma ba ta dariya.

Ga abin da nake so. Ka sami zare, ka tsayar da Idris, ka auna shi daga ƙugu zuwa idon sawu. Ka ƙulla a inda ya tsaya, ka naɗe a cikin takardarka, ka ba Ubale mai jakuna in zai juyo. Kada ka tambaye ni dalili. Miji nagari ba ya yawan tambaya.

Taka har kullum, Hajo.

Bukuru, ashirin ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Kaka Hajo, amaryata mai haƙori uku. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun da ƙarfi don Salamatu ta ji. Muna lafiya, sai sanyin ƙasar nan da ba ya jin damina ba ya jin rani. Idris ya yi tari kwanaki, ya warke. Yanzu ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana bakin rami yana tona ƙasa da tsinke, wai shi ma kuza yake nema.

Kacici-kacicinki na gane shi, kuma ya zauna mini a ƙirji. Ke ce, Kaka. Kin goye mu mun watse mun bar ki. Da kin faɗa mini kai tsaye da ya fi mini sauƙi. Ba ƙin zuwa nake yi ba. A nan in mutum ya ɗaga ƙafa mako biyu, heluma, shugaban da ke kanmu, sai ya ba wani wurinsa, ga mutane cike a bakin sansani suna jira. Tafiya Keffi da dawowa da yaro ƙarami ta fi mako uku. Ki ƙara haƙuri zuwa baɗi.

Ga zaren. Da ƙyar muka auna, sai da Salamatu ta riƙe masa kai. Na sa miki sabulu guda da ɗan kwalli ko idon zai ji daɗi. Ban tambayi dalili ba, amma in riga za ki ɗinka masa, ba a auna riga daga ƙugu.

Jikanki, Mijinyawa.

Keffi, huɗu ga Jumada Ula

Zuwa ga Mijinyawa, bayan gaisuwa da tambayar tarin Idris, Allah ya sa bai dawo ba.

Ka faɗi, malam. Ni ce? Ni da na haifi huɗu? Kuma wa ya ce maka furfurata a gwiwa take, leƙawa ka yi? Na yi dariya har kaza ta gudu. Amsa tana nan, ba zan ba ka a arha ba.

Zare ya iso. Bari in gaya maka abin da na yi da shi, amma sai ka bi ni ta doguwar hanya, ka san halina.

Kana da shekara biyar, ubanku yana dako, ya ɗauko wa wani Bature kaya daga bakin kogi za su wuce wajen Panda. Ba irin Turawan bariki ba ne, wai daga wata ƙasa yake, Amurka. Yana da mata doguwa kamar tabarya, da ɗa namiji mai gashi kamar gemun masara. Da suka iso Keffi zazzaɓi ya kayar da yaron. Ubanku ya kawo su zaurenmu, suka yi kwana goma sha biyu. Ni nake dama masa kunun tsamiya, uwar tana kuka da yarensu ina ba ta haƙuri da nawa. Ya tashi. Ranar da za su tafi ta rasa abin da za ta ba ni, sai ta ciro wandon yaron da ya yi masa kaɗan ta danƙa mini.

Ka tuna shi ai. Shuɗi, mai kauri kamar buhu, da ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu. Ta faɗi sunan yadin, dinim ko danim, bakina bai riƙe da kyau ba. Tafintansu ya ce a can masu haƙar zinariya aka fara ɗinka wa irinsa, don dutse ba ya yaga shi, daga baya iyaye mata suka lura yaro ya fi dutse ɓarna, suka ce a yanka wa yara ma. Ka ga laifina ke nan. Da hannuna na zura maka wandon masu haƙa, ga shi ka girma ka tafi haƙa.

Ni da na yi shekara arba'in ina kaɗi, sai da na juya shi ciki da waje ina kallo. Zaren tsaye rinanne, abawar fara. Na ce waɗannan mutane sun yi rowar baba, rabin saƙa suka rina. Matan unguwa suka yi ta zuwa taɓawa. Wata ta ce ƙusoshin laya ce. Na ce ƙwarai, ta hana yaro yawo tsirara.

Ka sa shi shekara biyu. Ka hau tsamiya da shi, ka faɗo da shi, kai ka karye, shi ko gezau. Da ya yi maka kaɗan 'ya'yan Huraira biyu suka sa, ɗaya bayan ɗaya, ya dawo. Sannan ƙanenka Zailani. Tun shekarar marisuwa, murar nan da ta ɗauke shi da ubanku a mako guda, yana ƙasan adakata.

Na shimfiɗa shi a tabarma na ɗora zarenka. Wandon ya fi Idris da yatsa uku. Yatsa uku, Mijinyawa. Ka san yadda yaro yake cin yatsa uku? Kafin ka ce baɗi sau biyu ya cinye. Kuma kada ka ce in ba Ubale ya kawo. Wandon nan ba ya hawa jaki. Duk wanda ya sa shi a cikinku, a tsakar gidan nan ya fara sa shi, ni na ɗaure masa mazagi.

Ga albishir kuma. Da na fito da shi rana na ga ya koɗe, gwiwoyin sun yi fari fat kamar an shafa alli. Na ce ba zan tarbi baƙo da koɗaɗɗen tufafi ba, a ce tsohuwar Keffi ba ta san hanyar marina ba. Na kai wa Malam Yaya marini, ya tsoma shi sau huɗu, aka buga. In ka gan shi yanzu! Sai ƙyalli yake, baƙi-shuɗi kamar rawanin ango. Ba tabon kowa a jikinsa, kamar ba a taɓa sa shi ba.

Sai ka zo, Hajo.

Bukuru, goma ga Rajab

Zuwa ga Kaka, bayan gaisuwa. Muna lafiya.

Kaka, me ya sa ba ki tambaye ni ba?

Farin da kika ce alli ne, na san kowanne. Na gwiwar dama nawa ne. Na hagu na Zailani ne, don shi bahago ne, da gwiwar hagu yake durƙusawa in muna tonon gyare a bayan ɗakin Baba. Ni nake nuna masa rami, shi yake tonawa. Ranar da ciwon ya kama shi a durƙushe yake a wurin, ya ce mini Yaya, kaina. Na ce ƙarya yake, don kada ya tona ne. Na sa shi ya gama ramin.

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Kafin in bar gida, duk lokacin da kika tafi kasuwa sai in buɗe adakarki in duba gwiwar nan. Ba mu da wani abu nasa. Allonsa an wanke an ba wani, kabarinsa ruwa ya shafe tun damina ta biyu. A nan, in na tuna gida, ba zaure nake gani ba, ba tsamiya ba, farin nan nake gani, ina cewa yana can a ajiye.

Yanzu kin ce kamar ba a taɓa sa shi ba. To.

Ki ajiye wandon. Ki ba wanda kika ga dama.

Mijinyawa.

Keffi, uku ga watan Azumi

Zuwa ga Mijinyawa. Ina gaishe ka, da Salamatu, da Idris. Da fatan kun ɗauki azumi lafiya.

Takardarka ta yi kwana shida a ƙarƙashin matashina kafin in iya ɗaukar alƙalami. Ban sani ba, ɗan nan. Shekara goma sha ɗaya ina zaton ni kaɗai nake buɗe adakar. Ni kuwa ba don ƙyalli kaɗai na kai shi marina ba, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Na ɗauka abin da ya kore ka daga gidan nan shi ne ko'ina ka juya sai ka ga Zailani. Na ce bari in rufe wanda zan iya rufewa, ko ka samu ka shigo. Ashe abin da zai kawo ka ne na tsoma a rami.

Game da ramin gyare, ka saurare ni. Tun asuba ranar jikinsa da zafi, ni na taɓa shi, ni na ce ya fita ya sha iska. In akwai mai laifi a layin, ina gabanka. Kuma mutum nawa murar ta ɗauka a unguwar nan waɗanda ba su taɓa tonon gyare ba?

Na wanke wandon da sabulunka sau uku. Ruwan ya yi shuɗi, hannuna ya yi shuɗi, wandon yana nan yadda yake. Na ɗauke shi na koma wa Malam Yaya, na ce ya cire abin da ya sa. Ya dube ni ya ce, "Hajo, shekara talatin ina bakin ramin nan, ba a taɓa kawo mini tufa a ce in mayar da ita tsohuwa ba."

Na ce, "Yau an kawo."

Ya ja zare ɗaya daga bakin ƙafar, ya murza shi da farce, ya nuna mini. Ya ce, "Duba. Zaren mutanen nan a murɗe yake tam, baba ba ya shiga cikinsa, a baya yake kwana. Cikin fari ne. Inda ya taɓa koɗewa kuma ya riga ya sulɓe, nan zai fara saki. Amma wanki ba zai yi miki ba."

Na ce, "To mene ne zai yi?"

Ya ce, "Abin da ya yi na farko. Gwiwar yaro."

Na dawo gida na zauna gaban dutsen niƙa da wandon a cinya. Na ce in na goga shi a nan, kafin la'asar zai yi fari, in rubuto maka in ce ga Zailani ya dawo. Har na ɗora shi. Sai na ga wannan farin nawa ne, ba nasa ba, kuma kai za ka gane. Na mayar da shi adaka.

Ka aiko mini da wani zaren.

Kakarka, Hajo.

Keffi, goma sha biyar ga Shawwal

Zuwa ga Mijinyawa, barka da Sallah, ko da ta wuce.

Ubale ya dawo jiya. Na ji kukan jakunansa tun daga bakin kasuwa, na fito har ƙofar zaure ba mayafi. Ya ce ya ba ka takarda hannu da hannu, ka karɓa, ka sa a aljihu. Na ce sai me? Ya ce sai ka tambaye shi farashin dawa.

Ba komai. Na yi tuwon Sallah na mutum biyar kamar yadda hannuna ya saba, na rarraba wa maƙwabta. Kaza mai wake-wake shaho ya ɗauke ta ana saura kwana biyu Sallah, don haka labaran da nake da su sun taru ba mai ji. Akwai na kura da ta je aski, wanda kake so, na ƙara masa sabon ƙarshe. Na faɗa wa turmi, bai nuna ya ji daɗi ba.

Idon dama ya rufe. Na hagu yana gani, amma shuɗi da baƙi sun fara zame masa ɗaya. Fari ne kawai yake fitowa sosai. Ban faɗa don in ɗaure ka ba, na faɗa ne don ka san lissafin ba na ƙafar Idris kaɗai ba ne.

In ba za ka zo ba, ka aiko da zaren ko ba takarda. Ina so in san inda ya kai.

Hajo.

Bukuru, biyu ga Zulƙida

Zuwa ga Kaka, gaisuwa da neman gafara.

Ga zare. Salamatu ce ta auna, ta ajiye mini a kan tabarma. Na gwada shi da tsawon na farko da na yi wa alama a bango. Ya ƙaru da yatsa huɗu. Na san abin da hakan yake nufi, mun makara da yatsa ɗaya.

Duk da haka muna tafe. Na gaya wa heluma, ya ce in na dawo na tarar da wani a wurina kada in zo masa da magana. Na ce na ji. Za mu biyo Ubale, mu yi Babbar Sallah a gida in Allah ya yarda.

Ki ajiye mini labarin kura. Kada turmi ya riga ni jin ƙarshen.

Mijinki na ƙarya, Mijinyawa.

Keffi, bakwai ga Muharram, 1349

Zuwa ga Mijinyawa, da Salamatu, da angona sabo Idris, wanda ya ƙwace ni daga hannun ubansa ba tare da ko sisi ba. Da fatan kun isa lafiya, da fatan kuma ka sami wurinka, ko wani wurin da ya fi shi. Ka rubuto ka gaya mini gaskiya a kan wannan.

Gidan ya yi shiru har ina jin motsin gara a ɗakin ubanku. Kwana tara kuka yi, amma sai da na sake koyon dafa tuwon mutum ɗaya.

Ina ta tuna safiyar da na ɗaure masa mazagi. Wandon ya tsaya masa a saman idon sawu kamar na mai tsallake rafi, shi kuwa ya cusa hannu a aljihu ya ce, "Kaka, wannan kuɗi ne a jiki?" Da yamma da aka tuɓe shi ƙafafunsa sun yi shuɗi har cinya, Salamatu ta yi salati ta ɗauka ciwo ne. Kullum in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai.

Na gan ka ranar da ka kai shi bayan ɗakin ka nuna masa ramin gyare. Ka ɗauka ina barci. Na ga ka tsaya ka bar shi ya tona, da ya ce ya gaji ka ɗauke shi ka sa a kafaɗa. Ban fito ba, ba wurina ba ne.

A rana ta takwas da ka kawo mini wandon bakin ƙofa inda haske yake, ka kama yatsana ka ɗora a gwiwar hagu, ba sai ka yi haka ba. Na gani da idona. Bai yi fari kamar da ba, toka-toka ne, amma a wurinsa yake, da ɗan karkacewar nan tasa zuwa waje. Na gwiwar dama ma ya fara leƙowa. Akwai kuma wani sabo a mazaunai, inda ɗanka yake zamiya a kan dutsen bakin rijiya. Wannan ba na kowa ba ne sai shi.

Na ce wandon nan ba ya hawa jaki, ga shi ya hau da mai shi a ciki. Da yaron ya riƙe mazagi ya ce ba zai cire ba, na ga kana shirin yi masa tsawa, shi ya sa na riga ka na ce ya tafi da shi. A adaka ba abin da zai ƙara fitowa. Ku bar shi ya sa har ya kai masa ƙwauri. In ya ƙi shiga, Salamatu ta ninke ta ajiye wa na bayansa, na lura da yadda take ƙin ƙamshin daddawa. Kada wanda ya kai shi marina. In wata tsohuwa ta ce ya koɗe, ku ce mata an gode.

A inda yake kwana a adakar na sa zarurrukan nan biyu. Ka riƙa aiko mini da sabo duk Sallah. Ba sai da ido ake karanta ƙulli ba.

Har kuka tafi ba ka sake tambayata amsar ba, ni ma surutu ya mantar da ni. Ga ta, kyauta, tunda ka biya da ƙafarka. Sai dai ka gyara lissafin, yaran sun zama shida. Wando ne.